Babur ɗin da zai ɗauki miji da mata da tanti: Boxer, Himalayan, V-Strom ko GS?

Wannan rubutu na ma'auratan da suka riga suka gama shawara ne: za su yi doguwar tafiya a kan babur, su biyu, da tantinsu da 'yar tukunyarsu. Abin da ya rage shi ne wane babur za a saya. Gardamar takan tsaya a tsakanin biyu, ko ƙarami irin na 'yan acaɓa wanda kowane bakanike ya san cikinsa, ko babba na hannu da aka shigo da shi daga Turai ko Amurka. Akwai na tsaka-tsaki, akwai kuma wata mafita da ba a cika kawo ta a lissafi ba, wato kowa ya hau nasa.

Ra'ayina tun farko shi ne babur ɗin mutum biyu daga kujerar baya ake zaɓensa. Maigida yana riƙe da kan babur, idonsa a hanya, hankalinsa yana da abin yi, zai iya jure kusan kowane irin mashin. Uwargida kuwa tana zaune ne a saman ƙafar baya, daidai inda kowane rami yake bugawa, ba ta ganin ramin kafin a faɗa, ba ta da abin yi sai haƙuri. Ranar da haƙurin ya ƙare tafiya ta ƙare, ko da injin lafiyarsa ƙalau.

Don kada maganar ta zama a iska, zan riƙa auna kowane babur da hanya ɗaya: daga Kano zuwa Gembu a tsaunin Mambila, jihar Taraba. Ana bi ta Bauchi da Gombe, a wuce Kaltungo zuwa Numan, a gangara Jalingo, sannan Bali da Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. Daga Mayo Selbe ake fara hawan dutse a hanya mai kwana-kwana, ciki har da hawan da direbobi ke kira Biyu da Sisi, har a ɓulla Maisamari da Nguroje a kan tudun da tsayinsa ya kai wajen mita 1,600. Zuwa kawai ya haura kilomita 1,000. Akwai kwalta mai kyau, akwai wadda ta farfashe, akwai tireloli, akwai hawa da gangara, in kuma aka ratse zuwa gonakin shayi na Kakara ko ƙauyukan kan tudu sai jar ƙasa. Duk babur ɗin da ya yi wannan hanya da mutum biyu zai yi Jos, zai yi tsaunin Obudu na jihar Kuros Riba.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne nauyin da zai ɗauka, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Kowane babur yana da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a littafinsa, wanda ya haɗa mutane da kaya gaba ɗaya. Ku zauna da biro ku yi lissafi. A ce maigida kilo 75, uwargida 65. Hulunan kwano, riguna masu kauri da takalma, kilo 10. Tanti 4, shimfiɗa da barguna 5, risho ko ƙaramin gas da tukunya da abinci 6, ruwa lita 6 wato kilo 6, sifana da tiyub da famfo 5, tufafi 10, jakunkuna da ƙarafan da aka ɗora su a kai 8. Kun kai kilo 194 ke nan, ba a sa tsaraba ba. Kowane gida da nasa lissafin, amma da wuya ma'aurata masu kwana a tanti su sauko ƙasa da 170.

Na biyu kujerar baya. Ku duba tsawonta da faɗinta, ko akwai abin jingina, ko akwai wurin riƙewa a gefe, da kuma inda matakin ƙafa yake. Idan matakin ya yi sama, gwiwa za ta naɗe, bayan awa biyu ƙafa ta yi tsami. Ku duba yadda salansa ta bi, domin ƙunar salansa a ƙwauri ciwo ne da mata masu hawa bayan babur suka sani sarai. Doguwar tafiya ba a yin ta da zaman gefe ɗaya. Dole a buɗe ƙafa a zauna daidai, da dogon wando mai kauri a ƙarƙashin sutura. Babban hijabi, abaya ko laffaya da ke lilo kusa da ƙafar baya haɗari ne na gaske: sarƙa ko wayoyin ƙafar suna iya cafke gefensa su fizgo mutum ƙasa. Ƙaramin hijabi da za a cusa cikin riga, sannan babur mai murfin sarƙa, sun fi komai muhimmanci a nan. Hular kwano ta biyu ba ta ado ba ce: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna sanya ta daidai yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69.

Na uku gyara. Tambayar ita ce, in ya tsaya a tsakanin Bali da Serti, wa zai tayar da shi, kuma kwana nawa za a jira kayan gyara?

Na huɗu mai: nawa yake sha, nawa tanki yake ci, kuma zai iya da man 'yan bumburutu wanda wani lokaci yake zuwa da ruwa ko datti? Girman tanki ya fi yadda ake zato muhimmanci, don a wasu yankuna ɗaukar mai a jarka kan jawo wa mutum tambayoyi a shinge.

Na biyar nauyin babur ɗin kansa da tsayin kujera. Zai faɗi, ko a yashi ko a taɓo ko a tsaye wajen juyawa, kuma ku biyun ne za ku ɗaga shi.

Na shida kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta shiga hawa da sauka, farashin babura ba ya zama wuri ɗaya, shi ya sa zan riƙa ambaton farashin sabo da dala don a ga tazarar da ke tsakaninsu.

Na bakwai doka da tsaro. A Kano an hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, kuma dokar ta shafi goyo a cikin birni. A 2021 jihohin Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja sun ƙaƙaba takunkumi iri-iri a kan babura saboda 'yan bindiga. A Legas, dokar 2012 ta hana babur ɗin da girman injinsa bai kai cc 200 ba (cc ma'aunin girman inji ne) hawa manyan tituna. A Nijar ma an hana zirga-zirgar babura a Diffa a 2015, da wasu sassan Tilaberi a 2020. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su ana sake ɗaure su, don haka jiha bayan jiha ake tambaya kafin a tashi.

Boxer 150 guda ɗaya

Na sa Bajaj Boxer BM150 a matsayin wakilin ajinsa. TVS HLX 150 da makamantansa duk tafiyarsu ɗaya. Injinsa cc 145 ne, ƙarfin doki 12, tankin lita 11, nauyinsa wajen kilo 125. Sabo yana tsakanin dala 1,000 da 1,500.

A gyara babu mai kama ƙafarsa. Filogi, kuloci, sarƙa, kabireta, fistin, duk ana samu a kowace kasuwar mako, kuma daga Nnewi har Fagge kayansa a jibge suke. Yaron bakanike ma zai kwance kabiretarsa ya wanke ya mayar kafin ku idar da sallah. Yana da kik, batir in ya mutu ba a tsaya ba. Lita ɗaya takan kai shi kilomita 40 ko fiye, kuma ba ya tsanar mai. Kujerarsa doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, don ɗaukar fasinja aka yi ta, kuma ta fi ta wasu manyan babura daɗin zama a awa ɗaya ta farko.

Matsalar tana fara bayyana ne idan aka ɗora masa kilo 190. Za a ce ai a ƙauye yana ɗaukar buhu biyu da mutum. Gaskiya ne, amma daga gona zuwa kasuwa ne, a hankali, ba kilomita 300 a yini a tsakanin tireloli ba. Kaya in suka taru a kariya, bayan ƙafar baya, gaba yakan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa. Shakazoba tana zama ƙasa gaba ɗaya, kowane rami ya wuce kai tsaye zuwa bayan uwargida. Gudunsa da wannan nauyi ba zai wuce 65 zuwa 75 ba, ma'ana kowace mota sai ta wuce ku, ku kuwa ba ku da ƙarfin wuce tirela cikin sauri. A hawan Mambila abin ya fi tsanani, domin inji yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau; a kan tudu dokin nan 12 ya koma wajen 10. Zai hau, da giya ɗaya da biyu, yana zafi. Saukowa ta fi ba ni tsoro: birkinsa na ganga ne, idan ya yi zafi a doguwar gangara yakan daina kamawa sosai, dole a riƙe shi da giya.

Ga kuma batun shinge. Irin waɗannan ƙananan babura ne ɓata-gari suka fi hawa, su ne kuma dokokin hani suka fi nufa, su ne ɓarayi suka fi so saboda saurin shiga kasuwa.

Royal Enfield Himalayan

Wannan ɗan Indiya ne, ya fito a 2016. Tsohon samfurin yana da inji cc 411 mai silinda ɗaya, ƙarfin doki 24, giya biyar, tankin lita 15, nauyi kusan kilo 200, kujera santimita 80 daga ƙasa. Sabo a Amurka ya riƙa kaiwa wajen dala 5,000. A 2023 aka fito da na 450, mai sanyaya inji da ruwa, doki 40, giya shida, tankin lita 17.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne an ƙera shi don munanan hanyoyi da kaya. Ƙafar gaba inci 21 ce, tana haye rami maimakon faɗawa ciki, cikinsa kuma ya yi sama da ƙasa da santimita 22. Injin ba ya son gudu amma yana da ja tun daga ƙasa, abin da ake buƙata ke nan a hawa mai kwana-kwana da mutum biyu. Akwai ƙarafa a gefen tanki da za a rataya ƙananan jakunkuna, nauyi ya dawo gaba. Kujerarsa ba ta da tsayi, mai matsakaicin tsawo zai sa ƙafa biyu a ƙasa, wanda ba ƙaramin abu ba ne lokacin da uwargida take hawa ko sauka. Yana shan lita ɗaya a kilomita 28 zuwa 30, tanki ɗaya ya kai ku kusan kilomita 400.

Na 411 iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi, ba lagireton ruwa da dutse zai fasa. Bawul biyu ne kawai, da sifana da sukundireba ake saita su, bakaniken da ya san aikinsa zai iya. Sai dai ana son a duba su duk kilomita 5,000, wato kusan kowace babbar tafiya. Tayoyinsa masu tiyub ne: mai faci yana ko'ina, amma sai an cire ƙafar, kuma tiyub mai inci 21 ba a kowane gari ake samunsa ba. Ku tafi da naku, gaba da baya, da wayar kuloci da matatar baƙin mai.

Rauninsa uku ne. Nauyin da zai ɗauka wajen kilo 170 zuwa 180 ne, don haka lissafin nan na 194 sai an rage shi. Na 450 ya fi shi sarari, yana kusa da 200. A kwalta mai kyau da mutum biyu, 85 zuwa 95 ne inda yake jin daɗi, sama da haka yana karkarwa. Sannan samfuran farko na 2016 sun zo da matsaloli da dama waɗanda kamfanin ya gyara daga baya, don haka in na hannu ne a nemi na baya-bayan nan. Kujerar baya ba ta da faɗi sosai, amma mai ɗinkin kujerun mota zai ƙara mata soso ya faɗaɗa ta da kuɗi kaɗan.

Suzuki V-Strom 650 na hannu

A 2004 aka fara ƙera shi, inji cc 645 mai silinda biyu, ƙarfin doki wajen 70, nauyi wajen kilo 215. Tankin na 2004 zuwa 2011 lita 22 ne, na bayansu lita 20. Sabo ya kai wajen dala 9,000, amma abin da ke zuwa kasuwarmu galibi na hannu ne. Yana ɗaukar wajen kilo 200.

In don kujerar baya kaɗai za a zaɓa, da kuɗin da mai albashi zai iya tarawa, wannan ne. Kujerar tana da faɗi, matakin ƙafa yana ƙasa, akwai maɗafa biyu masu kauri, in aka ɗora akwati a baya aka manna masa soso uwargida ta samu majingina. Injin ba ya karkarwa, yana tafiya 110 da ku da kayanku ba tare da nishi ba, kuma in kuka zo wuce tirela a hanyar Bauchi zuwa Gombe murɗa ɗaya ta isa. Birki faifai biyu ne a gaba, da yawansu daga 2007 suna da ABS, wato tsarin da ke hana ƙafa kullewa in an taka birki da ƙarfi. Tayoyi tubles ne, ƙusa in ta shiga ana toshewa ba a cire ƙafa ba. An san injin nan da tsawon rai, bawul ɗinsa sai duk kilomita 24,000 ake dubawa. Lita ɗaya tana kai shi kilomita 22 zuwa 25.

Amma ɗan kwalta ne da ya iya taɓa jar ƙasa, ba fiye da haka ba. Cikinsa santimita 17 ne kawai daga ƙasa, kuma matatar baƙin mai da bututun salansa suna nan a fili a ƙarƙashin inji. Dutse ɗaya zai iya zubar da man a tsakiyar daji, don haka farantin ƙarfe na kare ciki shi ne abu na farko da za a saya. A yashi ko taɓo nauyinsa yana sama, yana da wuyar riƙewa, uwargida za ta sauka ta taka a wurare da dama. Injekta yake amfani da ita maimakon kabireta, da famfon mai a cikin tanki wanda matatarsa ke toshewa da mai mai datti. A riƙa shan mai a gidan mai, in dole ta sa aka sayi na galan a tace da kyalle mai tsabta. Tsofaffin sukan ba da matsala a wajen cajin batir, kuma ba shi da kik. Bakaniken manyan babura sai Legas, Abuja, Kaduna, Kano da irinsu. Abin da ya lalace a Gembu, sai an ɗora babur a mota ko a zauna jiran saƙo.

Wanda ya ci karo da Honda Transalp 650, wanda aka ƙera daga 2000, yana iya duba shi a wannan aji: kabireta gare shi, ƙafar gaba inci 21, ya fi V-Strom sabawa da hanyar ƙasa. Sai dai shekarunsa sun ja, robobi da wayoyinsa sun tsufa.

Duk babur na hannu, a ga takardar kwastan, a gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke rubuce. Wanda ba shi da cikakkun takardu, komai arharsa, kowane shinge zai zame muku wurin zama.

BMW GS 1200 ko 1250

Shi ne wanda ake gani a hotunan masu zaga duniya, kuma ba a banza ba: doki 125 a 1200 na baya-bayan nan, 136 a 1250, yana ɗaukar kilo 216, kujerar bayansa babu kamarta, babu sarƙa balle ta kama hijabi ko a riƙa shafa mata mai. Sabon 1250 ya kai kusan dala 18,000.

Nauyinsa kilo 245 zuwa 250 ne, in aka haɗa da ku da kaya an doshi 450. Kujerar santimita 85. Kamfanin ya fi son a ba shi fetur mai babban inganci, wanda ake kira mai daraja 95. Kusan komai nasa kwamfuta ke sarrafawa, in fitila ta kama a allo sai an jona shi da na'ura kafin a san ciwon. Na 2004 zuwa 2006 suna da wani tsarin birki mai amfani da lantarki wanda gyaransa ke da tsada ƙwarai. Kuma duk ƙauyen da kuka tsaya za a taru a kansa, kowa ya san kuɗi ne ya iso. A yanayin da ake ciki, ni ba na ɗaukar wannan ƙaramin abu ga mutumin da zai kwana a tanti da iyalinsa.

Ƙanana biyu, kowa da nasa

In uwargida tana tuƙi, ko tana da niyyar koyo, lissafin gaba ɗaya ya canja. Kilo 194 ya rabu biyu, kowane babur yana ɗauke da ƙasa da 100, Boxer ya dawo yana tafiya yadda aka ƙera shi. Hawan Mambila ya zama mai sauƙi, birki ya ishe shi. In ɗaya ya lalace, ɗayan zai je gari ya kawo bakanike, kayan gyara kuma iri ɗaya ne. Man da biyun za su sha tare daidai yake da na GS ɗaya, kuɗin sayensu kuwa bai kai na Himalayan sabo ba.

A Wagadugu da Bamako da Yamai mace a kan babur ba abin kallo ba ne. A wasu garuruwanmu kuwa za a kalla, za a yi magana, kuma wannan abu ne da ma'auratan da danginsu za su auna da kansu. Abin da ba a sasantawa a kai shi ne ƙwarewa: lasisin babur nata na kanta, da watanni tana tuƙi a gari da hanyoyin kusa kafin a tunkari babbar hanya. Sabon direba a tsakanin tireloli ya fi kowane nauyin kaya haɗari. An kuma rasa hirar da ake yi a kan babur ɗaya, wadda ga wasu ita ce dalilin tafiyar.

| Ma'auni | Boxer 150 ɗaya | Himalayan 411 | V-Strom 650 | GS 1200/1250 | Ƙanana biyu |
|---|---|---|---|---|---|
| Farashin sabo, dala | 1,000–1,500 | wajen 5,000 | wajen 9,000 | kusan 18,000 | 2,000–3,000 |
| Nauyi, kilo | 125 | 200 | 215 | 245–250 | 125 kowanne |
| Tanki, lita | 11 | 15 | 20–22 | 20 | 11 kowanne |
| Kilomita a lita | 40 ko fiye | 28–30 | 22–25 | 18–20 | wajen 20 a haɗe |
| Ɗaukar mutum biyu da tanti | da ƙyar | in an rage kaya | sosai | sosai | sosai |
| Kujerar baya | gajeriyar tafiya | matsakaiciya | mai kyau | mafi kyau | babu goyo |
| Hanyar ƙasa | da kaya, wahala | mafi dacewa | da lura | sai gwani | mai sauƙi |
| Gyara a ƙauye | ko'ina | ƙananan gyara | da wuya | babu | ko'ina |
| Babban haɗari | birki, dokar hani | kayan gyara | mai mai datti, dutse | nauyi, jan ido | ƙwarewar mai koyo |

Tantin ma yana da ta cewa

Yadda za ku kwana shi ke yanke yawan kayan, kayan kuma su ke yanke babur. Shawarata ita ce kada a kafa tanti a daji, ko da wurin ya yi kyau. A isa gari kafin la'asar ta yi sanyi, a yi sallama da mai unguwa ko dagaci ko jauro, a faɗi daga ina, zuwa ina, a nemi a nuna wuri. Sau da yawa harabar gida ko ta makaranta za a ba ku, wani lokaci a ce uwargida ta shiga cikin gida wajen mata, kuma karɓar wannan karamci ya fi ƙin sa. Masauki mai katanga ma yakan yarda a kafa tanti a harabarsa. Kwafin takardar aure ya zauna tare da lasisi da inshora. Kilomita 250 zuwa 300 a yini sun isa, tafiyar dare kuwa babu ita.

Wanda zai riƙa haɗa tanti da masauki, ya ci abinci a gari, zai iya ajiye tukunya da risho da rabin ruwan, ya rage kilo 9 nan take. Tanti na mutum uku ya fi na mutum biyu, don jakunkuna su kwana ciki, kuma ya zama mai raga saboda sauro. Bargo ba a rage shi in Mambila ko Jos za a je, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Komai sanyin dare kada a shigar da garwashi ko risho cikin tanti a rufe, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum a barci. Wajen ɗauri, masu nauyi su sauka ƙasa a jakunkunan gefe, tanti da shimfiɗa su hau kariya, a ƙara iskar tayar baya zuwa abin da littafin babur ya ce na mutum biyu, a ɗaure shakazoba ta ƙara tauri.

Kafin a biya kuɗin kowanne, a roƙi mai shi a hau ku biyu na awa ɗaya, a bi hanya mai gargada, ita ce kuma za ta fara faɗin yadda ta ji.

Wanne ya dace da wa

Masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda tafiyarsu ta kwana biyu ko uku ce, kamar Kano zuwa Dutse ko Bauchi zuwa Jos, suna kwana a masauki ko gidan dangi: Boxer ɗaya ya ishe su, muddin kaya ba su wuce kilo 20 ba. Tanti da tukunya da Mambila kuwa, kada a ɗora masa.

Ma'auratan da uwargida ta iya tuƙi: ƙanana biyu, kuma a ganina wannan ya fi duk sauran a kan kuɗi da gyara, sai dai a bi dokar kowace jiha a kan ƙananan babura.

Masu son barin kwalta su shiga ƙauyukan tudu, jikinsu ba mai nauyi ba, ba sa gaggawa: Himalayan, da jakar kayan gyaransa. In su biyun sun haura kilo 150, su nemi na 450.

Waɗanda yawancin tafiyarsu a kwalta ce mai nisa, ko uwargida tana fama da ciwon baya, ko kuma suna da jiki: V-Strom 650, da farantin kare ciki da lambar wayar bakaniken da ya san shi.

GS na wanda ya daɗe yana hawa manyan babura ne, yana da tsawon da zai riƙe kilo 450 a tsaye, yana da kuɗin ɗauko babur a mota daga Taraba zuwa Abuja in ta kama, kuma yawancin kwanansa a masauki mai katanga ne.